Akwati Goma da Garwa Biyu: Labarin Unguwar Yahudawa ta Warso

Birnin Warso, babban birnin ƙasar Folan, a fili yake zaune, shimfiɗe kamar faifai. Amma akwai wata unguwa a arewa da tsakiyar birnin, sunanta Muranuf, inda gidaje da yawa suke bisa tudu, sai an hau matakala daga titi kafin a kai ƙofa. Waɗannan tuddai ba tun asali suke nan ba. Ɓaraguzan wata unguwa ce da aka rushe a 1943. Da yaƙi ya ƙare, ɓaraguzan sun yi yawa har ba yadda za a kwashe su, sai aka baje su, aka yi gini a kai. Har bulon da aka gina sababbin gidajen da shi, daga niƙaƙƙun ɓaraguzan aka buga shi. Wanda ya kwana a Muranuf yau, a bisa tsohuwar unguwar Yahudawa ya kwana, a bisa ƙasusuwan waɗansu mazaunanta kuma.

Yaranmu a makaranta suna jin sunan Yahudawa kullum a darasin Littafi Mai Tsarki, har waɗansu suna tsammani mutanen dā ne kawai, sun shuɗe tare da Filistiyawa. Dattawanmu kuwa sun san Yaƙin Hitila, gama 'yan'uwansu sun tafi Habasha da Bama a cikinsa. Amma abin da ya sami Yahudawan Turai a wannan yaƙi, kaɗan ne a cikinmu suka ji shi filla-filla. Domin haka na ga ya kamata in kawo labarin unguwa ɗaya, da yadda aka yi labarinta bai ɓace tare da ita ba.

Kafin 1939 Yahudawan Warso sun fi 350,000, wato wajen mutum ɗaya cikin uku na dukan birnin. In ban da Niyu Yok ta Amurka, ba birnin da ya kai shi yawan Yahudawa a duniya. Titin Nalefki shi ne cibiyar cinikinsu: kanti a kan kanti, teloli, masu ɗinkin takalma, 'yan dako, masu sayar da littattafai. A gida da kasuwa suna magana da harshensu na Yidish, suna da jaridunsu na kullum, da makarantu, da asibitoci, da gidajen wasa. Suna da ɗaruruwan ƙananan wuraren addu'a, da Babbar Majami'a a titin Tlomatski wadda aka buɗe a 1878. Ba dukansu masu arziki ba ne, yawancinsu talakawa ne ƙwarai. Ba kuma ra'ayinsu ɗaya ba. Akwai masu tsananin riƙon Attaura, akwai 'yan boko, akwai masu son komawa ƙasar kakanninsu, akwai masu cewa Folan ita ce gida. Gardama ba ta ƙarewa a tsakaninsu, kamar kowace jama'a mai rai.

Jamus ta faɗa wa Folan ran 1 ga Satumba 1939, kafin ƙarshen watan Warso ta faɗi. Aka tilasta wa Yahudawa ɗaura farin ƙyalle mai tauraron Dawuda a hannu. Sa'an nan aka zagaye wani yanki na birnin da katanga mai tsayin ƙafa 10, tsawonta wajen mil 11, aka rufe ta a Nuwamba 1940. Irin wannan unguwa da ake tsare Yahudawa a ciki, sunanta geto. Girmanta bai kai mil ɗaya da rabi murabba'i ba, amma aka cusa mutum fiye da 400,000 a ciki, har da waɗanda aka koro daga ƙauyuka. Mutum 7 ko fiye a ɗaki ɗaya. Abincin da hukuma ta yanka wa kowane Bayahude bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da jiki ke bukata ba. Yawancin abin da aka ci a geto ta fasa-ƙwauri ya shigo, ƙananan yara kuwa suna cikin masu ɗaukarsa, suna kurɗawa ta ramuka a gindin katanga da dankali a cikin riga, masu gadi suna harbinsu. Yunwa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa sun kashe fiye da mutum 80,000 kafin tsakiyar 1942.

Malamin da ya ce a rubuta

A cikin waɗanda aka tsare akwai wani malamin tarihi, Imanuwel Ringelblum, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata. Yana cikin masu lura da ɗakunan dafa abinci na taimako, saboda haka yana jin labarin kowa. Ya gane abu ɗaya tun da wuri: Jamusawa suna da takardu, da masu ɗaukar hoto, da hatimi. In aka bar su, su kaɗai za su ba da labarin abin da ya faru, yadda suka ga dama. Sai ya tara mutane a asirce, malaman makaranta, marubuta, malaman addini, ɗalibai, wajen mutum 60 gaba ɗaya. Ran Asabar suke haɗuwa, don haka suka ɓoye aikin a ƙarƙashin suna Oneg Shabat, wato murnar Asabar.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne irin kayan da suka tattara. Ba su raina kome ba. Katin rabon abinci, tikitin jirgin titi, takardar naɗe alewa, sanarwar hukuma da aka ɓamɓaro daga bango, takardar likita, jaridun ɓoye, wasiƙun da dangi suka aiko daga ƙananan garuruwa suna ban kwana. Sun rubuta farashin burodi. Sun rubuta har ba'ar da mutane ke yi wa Hitila a ɓoye. Sun sa yaran makaranta su rubuta insha'i a kan abin da ya canza a gidansu tun da yaƙi ya fara. Duk malamin da ya taɓa tara littattafan insha'i a kan teburinsa ya san yadda yaro ke faɗin gaskiya ba kwana-kwana: wane ya mutu, me aka sayar, yaushe aka ci abinci na ƙarshe. Ringelblum ya kuma nace kada a ɓoye laifin nasu mutane. Saboda haka akwai labarin 'yan sandan Yahudawa masu cin hanci, da masu kuɗin da suka ci suka sha alhali gawa tana kwance a bakin titi an rufe ta da jarida.

A farkon 1942 wani mutum da ya tsere daga sansanin Helmno ya iso Warso, ya ba su labarin yadda ake kashe mutane da hayaƙin mota a cikin rufaffun motoci. Suka rubuta, suka aika ta hannun 'yan gwagwarmayar Folan zuwa Landan, a watan Yuni na wannan shekara rediyon BBC ya watsa labarin kisan. Duniya ta ji. Kisan bai tsaya ba.

Ran 22 ga Yuli 1942 aka fara kwashe mutanen geto, wai za a kai su aiki a gabas. Shugaban majalisar da Jamusawa suka naɗa a kan Yahudawa, Adam Cerniyakuf, da ya ga har marayu za a kwashe, kashegari ya sha guba ya mutu. Kowace rana ana kora dubbai zuwa wani fili kusa da tashar jirgi, a cusa su a taragon shanu zuwa Tireblinka, kamar mil 60 daga birnin, inda ake kashe su da iskar guba a ranar da suka isa. Cikin wata biyu an kwashe wajen mutum 265,000. A farkon Agusta aka zo gidan marayu na likita Yanush Korcak, dattijon da ya yi shekara 30 yana renon marayu, wanda ya ba yaransa kotunsu da jaridarsu domin su koyi adalci. Abokai sun nema masa hanyar tsira, ya ƙi. Shi da abokiyar aikinsa Stefaniya Wilcinska suka jera da yaran, wajen 200, har zuwa jirgi.

A cikin waɗannan kwanaki ne aka binne kashi na farko na takardun. Wani malamin makaranta, Isra'ila Lihtenshtain, da ɗalibansa biyu, Dawuda Graber mai shekara 19 da Nahum Gjiwac mai shekara 18, suka shirya su cikin akwatunan ƙarfe 10, suka haƙa rami a ƙarƙashin ginin makarantarsu, lamba 68 a titin Nowolifki. Kafin su rufe, kowannensu ya sa wasiyyarsa. Graber ya rubuta cewa yana marmarin ganin ranar da za a tono akwatunan, amma ya sani ba zai gani ba. Malamin bai roƙi yabo ba. Ya roƙa a tuna da matarsa Gela, mai zane, wadda zanenta fiye da 300 suke cikin akwatunan, a kuma tuna da 'yarsu Margalit, wadda ba ta cika shekara biyu ba. A Fabrairu 1943 aka binne kashi na biyu a wuri ɗaya, cikin manyan garewanin madara 2 masu murfi. Kashi na uku aka ɓoye shi a wani titi dabam gab da ƙarshe.

Masu karatu za su tuna da annabi Irmiya, sa'ad da rundunar Babila ta kewaye Urushalima, shi kuwa yana tsare. Ya sayi gona, ya sa Baruk ya ajiye takardun cinikin a tukunyar ƙasa domin su daɗe. Mutanen Oneg Shabat da yawa ba masu ibada ba ne, amma jikokin wannan jama'a ne, sun kuma yi irin abin da kakansu ya yi.

Makon Ista na 1943

Waɗanda suka rage a geto, wajen 60,000, sun riga sun san inda jiragen ke zuwa. Suka haƙa ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Samari da 'yan mata wajen 750 suka tara 'yan ƙananan bindigogi da kwalaben fetur. Ran 19 ga Afril 1943, jajibirin Idin Ƙetarewa, sojojin Jamus suka shigo don su kwashe sauran, sai suka gamu da wuta, suka ja da baya. Shugaban babbar ƙungiyar mayaƙan, Mordekai Aniyelewic, shekararsa 24. Ba wanda ya yi zaton za su ci yaƙin. Amma sun riƙe kusan wata guda. Da Janar Yurgen Stroop ya ga ba ya iya fitar da su, sai ya sa aka bi unguwar gida gida ana cinna wuta. Ran 8 ga Mayu aka kewaye maɓuyar shugabannin a lamba 18 titin Mila, Aniyelewic da yawancin abokansa suka mutu a ciki. Kaɗan suka fita ta magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa. Ran 16 ga Mayu Stroop da hannunsa ya tayar da nakiyar da ta rushe Babbar Majami'a, ya aika wa manyansa rahoto mai hotuna cewa unguwar Yahudawa ta Warso ta ƙare. Wannan rahoto ya zama shaida a shari'ar Nuremba bayan yaƙi, shi kansa aka rataye shi a Warso a 1952.

A nan akwai abin da ya shafe mu, ba zan tsallake shi ba. Ran 19 ga Afril ɗin nan Litinin ce ta makon shan wuyar Almasihu. Ista ta faɗo ran 25 ga wata. A ɗaya gefen katangar ana buga ƙararrawa, ana zuwa sujada, hayaƙin geto yana rufe sama, toka tana sauka a kan tufafin idi. A dandalin Krasinski, dab da katangar, akwai lilo mai juyawa da kiɗa, mutane suna hawa.

Ya kamata a yi adalci ga mutanen Folan. Su ma a ƙarƙashin takalmin Jamus suke, an kashe musu miliyoyi, doka kuwa ta ce wanda ya ɓoye Bayahude kisa ne, sau da yawa har da iyalinsa. Duk da haka waɗansu sun yi. Fada Marseli Godlewski, na ɗakin sujadar da katangar ta haɗa da shi a ciki, ya ba mutane takardun baftisma domin su tsira, ko da yake kafin yaƙi an san shi da rashin son Yahudawa. Irena Sendler, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, da abokan aikinta sun fitar da yara masu yawa, 'yan zuhudu mata suka ɓoye su a gidajensu. A yau sunayen mutanen Folan fiye da 7,000 suna rubuce a Urushalima cikin jerin waɗanda suka ceci Yahudawa, sun fi na kowace ƙasa yawa. Amma akwai kuma masu tsayawa a bakin geto suna farautar waɗanda suka tsere, su ƙwace kuɗinsu ko su bashe su. Mafi yawa kuwa sun yi shiru. Dukansu masu baftisma ne, haka ma yawancin sojojin da suka cinna wutar. Hitila bai ƙirƙiro ƙin Yahudawa ba, ya tarar da shi. Ɗaruruwan shekaru ana wa'azi a Turai cewa Yahudawa duka, har jikokinsu, su ne da alhakin jinin Yesu. Martin Luta kansa, a 1543, ya rubuta mugun littafi a kansu, ya ce a ƙone majami'unsu. Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, gama muna girmama shi saboda wasu abubuwa. Bayan yaƙi ne ekklesiyoyi suka fara janye wannan koyarwa a fili: Roman Katolika a babban taronsu na 1965, ekklesiyoyin Luta da yawa kuma suka ƙi waɗannan rubuce-rubuce nasa. Duk mai koyar da labarin Jumma'a Mai Kyau ga yara, ya lura da yadda yake furta kalmar Yahudawa. Maryamu, da Bitrus, da matan da suka tsaya a gindin gicciye, da Wanda aka gicciye, duka Yahudawa ne.

Ringelblum ya sami maɓuya tare da matarsa da ɗansa da waɗansu fiye da 30 a wani rami ƙarƙashin lambun wani Bafolane, Miyecislaf Wolski. A cikin ramin ya ci gaba da rubutu, ya rubuta littafi a kan zaman Folawa da Yahudawa a lokacin yaƙin, bai ɓoye alheri ba, bai ɓoye mugunta ba. A Maris 1944 wani ya tona asirinsu. Aka harbe su a kufan geto. Aka harbe mai lambun ma.

Neman lamba 68

A Agusta 1944 sauran birnin ya yi nasa tawaye, Jamusawa suka rushe yawancinsa. Bayan yaƙi mutanen Warso suka sake gina tsohon garinsu daidai yadda yake, ƙofa da taga, suna duban tsofaffin zane-zane. Unguwar Yahudawa ba a yi mata haka ba. Wa zai koma ciki? Daga Yahudawan Folan fiye da miliyan 3, wajen kashi tara cikin goma sun hallaka. Waɗanda suka tsira da yawa sun bar ƙasar, musamman bayan an kashe Yahudawa 42 a garin Kiyelse a Yuli 1946, yaƙi ya riga ya ƙare. Waɗansu kuma gwamnatin Kwaminis ta kore su a 1968.

Daga mutanen Oneg Shabat, uku kaɗai suka rayu: marubuciya Rahila Auerbah, da magatakardan ƙungiyar Hersh Wasser da matarsa Bluma. Wasser ne ya san wurin. Amma ina titin Nowolifki? Ba titi, ba gida, sai tarin bulo har iyakar gani. Abu ɗaya da ke tsaye a tsakiyar kufan shi ne ɗakin sujadar Agustin Mai Tsarki, wanda Jamusawa suka mai da shi ɗakin ajiya. Da hasumiyarsa aka yi awo, aka gano inda makarantar take. Ran 18 ga Satumba 1946 shebur ya bugi ƙarfe. Ruwa ya shiga akwatunan, takardu da yawa sun manne, sun yi funfuna, sai da aka bi su ɗaya ɗaya ana shanyawa. Ran 1 ga Disamba 1950 leburori masu haƙa harsashin sababbin gidajen Muranuf suka ci karo da garewanin madarar. Su kam murfinsu ya riƙe, takardun suka fito lafiya. Gaba ɗaya wajen shafi 35,000. Suna ajiye a Cibiyar Tarihin Yahudawa, ginin da ke kusa da inda Babbar Majami'a take dā, har yanzu da tabon wutar 1943 a daɓensa. A 1999 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin takardun da duniya duka za ta kiyaye.

A bisa ƙasa abin da ya rage kaɗan ne. Akwai gutsattsarin katangar a tsakar gidajen titin Siyenna da Zlota. Akwai majami'ar Nojik, wadda ta tsira domin Jamusawa sun mai da ita bargar dawaki, har yau ana addu'a a cikinta. Akwai makabartar titin Okofowa, tun 1806, da kaburbura fiye da 200,000, yawancinsu ba mai ziyara. Inda Babbar Majami'a take, yanzu dogon bene ne mai shuɗin gilashi. Guntun tsohon titin Nalefki yana nan da duwatsunsa da layin jirgin titi, amma an canza masa suna, ba ya kai ko'ina. Tun 2008 an shimfiɗa alamu a kan daɓen titi a wurare dabam dabam domin mai tafiya ya san ga inda katangar ta bi.

Babban dutsen tunawa da mayaƙan geto an buɗe shi ran 19 ga Afril 1948, tun kufai yana kewaye da shi. Dutsen da aka yi aikin da shi, Jamusawa ne suka yi odarsa daga Suwidin domin ginin nasararsu. A gabansa ne shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Wili Brant, ya zo ajiye furanni ran 7 ga Disamba 1970, sai kawai ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen dutse, bai ce uffan ba. Shi kansa ya gudu daga Hitila tun 1933, ba shi da hannu a abin. A gida mutanensa da yawa sun ce ya wuce gona da iri. A filin da aka cika jirage kuwa, an gina farar katanga a 1988, aka sassaƙa sunayen yanka 400 a jikinta, ba sunan uba, domin kowane suna ya tsaya a madadin ɗaruruwa. A 2013 aka buɗe gidan tarihi mai suna Polin a gaban dutsen tunawa, yana nuna shekara 1,000 na zaman Yahudawa a Folan, domin kada a san su ta wurin mutuwarsu kaɗai.

Ɗaya daga shugabannin mayaƙan, Marek Edelman, ya fita ta magudanar, ya ƙi barin Folan, ya zama likitan zuciya. Kowace shekara ran 19 ga Afril yakan zo da rawayan furanni ya ajiye a gindin dutsen, har ya rasu a 2009. Tun 2013 'yan makaranta da masu sa kai sukan tsaya a tituna a wannan rana suna raba irin furen nan na takarda, a maƙala a ƙirji. Da tsakar rana jiniya takan yi kuka a dukan birnin.

Malam Lihtenshtain, da Gela, da Margalit, da ɗaliban nan biyu, ba wanda ya kai ƙarshen yaƙin. Kashi na uku na takardun, wanda aka ɓoye a titin Shwentoyerska, an neme shi bayan yaƙi, an sake haƙa a 2003 a filin ofishin jakadancin Sin da ke wurin yanzu. Har yau ba a same shi ba.